Dokar Hatsi ta Ingila: harajin da aka sa da sunan manomi, wa ya ci ribarsa? 🧵

1/ Duk sanda aka taso da maganar rufe boda ko cire harajin shigo da shinkafa da masara, sai ka ga mun rabu gida biyu: masu cewa a tausaya wa manomi, da masu cewa a tausaya wa mai saye. Ingila ta yi wannan rigimar shekara 31, daga 1815 zuwa 1846, har ta ci kujerar firaminista. Ku gyara zama, zaren da ɗan tsawo.

2/ Sunan dokokin da Turanci Corn Laws. Kada sunan ya ruɗe ku, ba masara suke nufi ba. A bakin mutanen Ingila na lokacin, hatsi ne gaba ɗaya: alkama, sha'ir da danginsu. Alkama ce uwa a ciki, saboda burodi shi ne tuwon talakan Ingila, shi da safe shi da dare. Mu kira ta Dokar Hatsi.

3/ Abu biyu za ku riƙe don lissafin ya zo da sauƙi. Kuɗinsu fam da sule da kwabo ne, irin waɗanda kakanninmu suka kashe kafin Naira: sule 20 fam ɗaya. Awon alkamarsu kuma suna ce masa kwata, kusan kilo 218, wato buhu biyu da ɗoriya. Duk farashin da zan faɗa na kwata ɗaya ne.

4/ Na uku ya fi muhimmanci. A gonar Ingila mutum uku ne suke ci, kuma kowa da matsayinsa:

• mai ƙasa: basarake ko attajiri, ba ya noma, haya yake karɓa
• manomin haya: shi ke zuba jari, iri da dawakai da kayan aiki
• ɗan ƙwadago: ba shi da ko taku ɗaya na ƙasa, ladan mako yake jira

Duk ukun ana kiran su "mutanen noma". Nan ne aka ɓoye wasan.

5/ Asalin abin yaƙi ne. Ingila ta shafe shekara sama da 20 tana gwabzawa da Faransa, a ƙarshe da Napoliyon, wanda a 1806 ya hana ƙasashen Turai ciniki da ita. Hatsin waje ya yi wuyar shigowa, an kuma yi shekarun da amfanin gona bai yi kyau ba. A 1812 alkama ta kai kusan sule 126.

6/ Kuɗi ya shigo ƙauye. Aka nome tudu da fadama, har wuraren da a da ba wanda yake kallo. Masu ƙasa suka ga ana rububin gonaki, suka ɗaga haya kusan ninki biyu. Manoman haya suka sa hannu da murna, wasu har da cin bashi, suna ganin farashin ya zauna ke nan.

7/ Ana haka sai 1813 ta zo da yabanya mai albarka, yaƙi kuma ya doshi ƙarewa. Farashi ya rikito, zuwa 1815 yana wajen sule 65. Hankalin masu ƙasa ya tashi. Kuma su wa ke cike da Majalisar Dokoki a Landan? Su ɗin dai. Talaka ba shi da ƙuri'a, Manchester da duk masaƙunta ba ta da wakilinta na kanta ko ɗaya.

8/ A watan Maris 1815 gwamnatin Lord Liverpool ta zartar da doka: ba a sayar da alkamar ƙasar waje a Ingila sai farashin ta gida ya kai sule 80. Ƙasa da haka, ƙofa a rufe. Mutanen Landan suka fito kan titi, aka farfasa gidan Frederick Robinson da ya gabatar da ƙudurin, sai da aka girke sojoji a bakin Majalisa.

9/ Masana biyu, abokan juna, sun sha bamban a kai. Thomas Malthus ya goyi bayan kariyar: ƙasar da ta dogara da abincin waje, ranar yaƙi za ta gane kurenta. David Ricardo ya ce ku bi kuɗin ku ga inda zai tsaya. A lissafinsa, tsadar hatsi a aljihun mai ƙasa take ƙarewa.

10/ Ga yadda abin yake. Haraji ya ɗaga farashi, noma ya yi riba, kowa na neman gona. Wa'adin haya na ƙarewa mai ƙasa zai ce ga sabon farashi, in ba ka so ga wani a bakin ƙofa. Ribar da doka ta kawo ta koma kuɗin haya. Manomi ya yi gumi, mai ƙasa ya ƙirga. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

11/ Ana wata ga wata. Dutsen Tambora a Indonesiya ya yi aman wuta a Afrilun 1815, tokarsa ta dagula yanayin duniya. 1816 ta zo wa Turai da sanyi da ruwa babu ƙaƙƙautawa, amfanin gona ya lalace. A 1817 alkama ta haura sule 90. 'Yan ƙwadago a Ely da Littleport tun a Mayun 1816 sun yi bore, aka rataye biyar.

12/ Ranar 16 ga Agusta 1819 mutum kusan 60,000 suka taru a filin St Peter's a Manchester suna neman a ba su wakilci a Majalisa, tsadar burodi na cikin abin da ya fito da su. Mahaya dawakai suka afka musu da takubba. Mutum sama da goma suka mutu, ɗaruruwa suka ji rauni. Shi ake kira Peterloo.

13/ To, shi manomin da aka yi dokar dominsa fa, ya huta? Ina! Dokar ta hana alkamar waje shigowa, amma ba ta hana ta gida yin yawa ba. Da aka jera shekarun albarka, farashi ya faɗi zuwa kusan sule 44 a 1822, alhali ƙofa a kulle take. An ƙulla haya a kan tsammanin 80, ana sayarwa a 44. Jarin manoma da yawa ya karye.

14/ Majalisa ta yi ta kafa kwamitin binciken halin ƙuncin manoma: 1821, 1822, 1833, 1836. Ku lura da kyau, duk a ƙarƙashin dokar da aka ce kariya ce gare su. A 1835 alkama ta sauko har wajen sule 39.

15/ A 1828 gwamnatin Wellington ta canza salo zuwa haraji mai hawa da sauka. Farashin gida na ƙasa, haraji ya yi sama. Farashi ya kai sule 73, haraji ya koma sule ɗaya kacal. A takarda tsari ne mai kyau. A kasuwa sai ya zama hanyar cin abincin masu ɓoye kaya.

16/ Manyan 'yan kasuwa su sayo alkamar waje su jibge a sito a bakin tashar jirgin ruwa ba tare da biyan haraji ba, su zauna jira. Farashi na haurawa, haraji na faɗuwa, sai su sako ta gaba ɗaya. Sau da yawa hakan na faruwa ne dab da kaka, daidai lokacin da manomi zai kai tasa kasuwa. Wannan wasan ba baƙo ba ne a wurin duk wanda ya san harkar hatsi.

17/ Ɗan ƙwadago kuwa, Allah sarki. Shi sayen burodi yake yi kamar ɗan birni. A 1830 'yan ƙwadagon kudancin Ingila suka tashi suna farfasa injinan sussuka da suka ƙwace musu aikin hunturu. Aka rataye 19, aka kwashe kusan 500 zuwa Ostireliya. A 1833 wasu shida daga ƙauyen Tolpuddle, masu karɓar sule 7 a mako, suka kafa ƙungiya. Su ma Ostireliya aka tura su.

18/ Yanzu mu zo kan ƙungiyoyi, don nan labarin ya yi daɗi. Gyaran dokar zaɓe na 1832 ya ba masu masana'antu da 'yan kasuwa ƙuri'a. A 1838 wasunsu suka kafa ƙungiya a Manchester, a Maris 1839 ta zama ta ƙasa baki ɗaya: Anti-Corn Law League. Buƙatarta ɗaya tak, a soke Dokar Hatsi. Ba su yarda an cusa musu wata magana ba.

19/ Jagororinta biyu. Richard Cobden, mai kamfanin buga atamfa, wanda shi kansa ɗan wani manomi ne da jarinsa ya karye a Sussex. Da John Bright, mai masaƙa a Rochdale, gwanin magana. Cobden ya kawo lissafi, Bright ya tayar da tsikar jiki. Cobden ya shiga Majalisa a 1841, Bright a 1843.

20/ Duba yadda suka yi aiki, kamar kamfen na zamani. A 1840 aka fara aika wasiƙa ko'ina a ƙasar da kwabo ɗaya, suka cika gidajen masu zaɓe da ƙasidu, miliyoyi. Jirgin ƙasa ya fara yaɗuwa, suka ɗauki masu lacca a kan albashi suna zaga gari-gari. Suka gina katafaren zauren taro nasu a Manchester.

21/ Kuɗi kuwa ba a magana. Sun nemi gudummawar fam 50,000, suka koma 100,000, a ƙarshen 1845 suka ce 250,000. Suna bin rajistar masu zaɓe suna ƙalubalantar sunayen abokan hamayya, suna taimaka wa magoya baya sayen 'yan kadarori don su sami ƙuri'a a mazaɓun karkara. Mujallar The Economist ma a wannan yaƙin aka haife ta, 1843, a hannun James Wilson.

22/ Kada ku ɗauka waliyyai ne fa. Masu masana'anta ne da ke son ƙasashen waje su sayar da hatsi su sami kuɗin sayen yadin Manchester. Ƙungiyar ma'aikata ta Chartists ba ta yarda da su ba sam. Suna zargin cewa burodi na yin araha, za a rage albashi. Sun sha tarwatsa tarukan League ɗin.

23/ A 1843 Cobden ya yi abin da ya girgiza masu ƙasa: ya fara shiga kasuwannin karkara yana magana da manoman haya ido da ido. Saƙonsa: dokar haya ce wannan, kai mai biya ne. Ya tuna wa masu kiwo da masu madara cewa su sayen hatsi suke yi don dabbobinsu, tsadarsa cutarsu take.

24/ Manoma ba su zauna ba. A ƙarshen 1843 manoman haya a Essex, ƙarƙashin wani Robert Baker, suka fara kafa ƙungiyar kare dokar. Abin ya bazu zuwa gundumomi da dama, a Fabrairun 1844 aka haɗa su a uwa ɗaya, Central Agricultural Protection Society. Jama'a suka yi mata laƙabi da Anti-League.

25/ Hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce mu ke ɗauke da harajin kula da matalauta, mu ke biyan rabon coci daga amfanin gona. Ta yaya za mu yi gasa da alkamar Polan da Rasha, inda talakawan da ke ɗaure a ƙasar iyayen gijinsu suke noma kusan kyauta? In gona ta mutu, ƙauye ya mutu.

26/ Amma ku duba wa aka ɗora a kai. Manoman haya suka fara tafiyar, shugabanci ya faɗa hannun Duke na Richmond, mataimakinsa Duke na Buckingham, manyan masu ƙasa. Ta yaya ƙungiyar da mai karɓar haya ke shugabanta za ta ɗaga maganar rage haya? Ɗan ƙwadago kuwa ko kujera ba shi da ita.

27/ Ƙari a kan haka, a lokacin ba a ɓoye ƙuri'a, a fili kake faɗar wanda ka zaɓa. Sai 1872 aka kawo ta sirri. Manomin da hayarsa ta shekara-shekara ce, wakilin mai ƙasa na tsaye yana ji, wa kake tsammani zai zaɓa?

28/ Firaminista Robert Peel na jam'iyyar Conservative ya hau mulki a 1841 da ƙuri'un karkara, a matsayin mai kare dokar. A 1842 ya rage harajin hatsi, ya dawo da harajin kuɗin shiga. A hankali lissafin ya canza masa ra'ayi: ya ga albashi ba ya bin farashin burodi yadda ake faɗa.

29/ Sai masifa ta sauka a Ailan. A 1845 cuta ta kama dankalin Turawa, abincin da miliyoyin talakawan can suka dogara da shi. Peel ya sa aka sayo masarar Amurka ta fam 100,000 a asirce. Ya ce wa ministocinsa ba zai iya kashe kuɗin jama'a a kan yunwa, yana kuma riƙe da harajin abinci ba.

30/ Jam'iyyarsa ta kira shi maci amana. Lord George Bentinck da Benjamin Disraeli suka jagoranci tawaye, ƙungiyoyin Anti-League na matsa wa wakilansu lamba daga mazaɓu. A tsakiyar Mayun 1846 aka kaɗa ƙuri'ar ƙarshe a majalisar wakilai: 327 da 229. Kusan kashi biyu cikin uku na 'yan jam'iyyarsa sun juya masa baya, 'yan hamayya ne suka cece shi.

31/ Ranar 25 ga Yuni 1846 majalisar masu sarauta ta amince, bayan Wellington ya lallashe su. A daren nan 'yan tawayen suka haɗa kai da 'yan hamayya suka kayar da Peel a kan wani ƙuduri daban. Kwana huɗu bayan haka ya sauka. Jam'iyyar ta tsage, ba ta sake samun rinjaye a zaɓe ba sai 1874. League kuwa ta rushe kanta, aiki ya ƙare.

32/ Sokewar ba ta ceci Ailan ba. An rage harajin ne a hankali har zuwa Fabrairun 1849, kuma wanda dankalinsa ya ruɓe ba shi da kuɗin sayen alkama ko da ta yi araha. Kusan mutum miliyan ɗaya suka mutu, wajen miliyan ɗaya suka yi hijira. Cire haraji daban, ciyar da mai jin yunwa daban.

33/ Manoman Ingila fa, sun mutu kamar yadda aka yi hasashe? Da farko sun sha wuya, alkama ta sauko ƙasa da sule 40 a 1851. Daga nan sai suka shiga shekara kusan 20 na wadata. Birane na girma, ana neman nama da madara. Gwamnati ta ba da rancen fam miliyan 2 don magudanan ruwa a gonaki, taki da injina suka yaɗu.

34/ Sirrin shi ne babu wata alkama mai arahar gaske da za ta iso tukuna. Yaƙin Kirimiya ya tare ta Rasha daga 1853 zuwa 1856, yaƙin basasar Amurka ya zo 1861 zuwa 1865. Guguwar sai a shekarun 1870 ta iso: layin dogo ya ratsa filayen Amurka, jiragen ruwa masu injin suka karya kuɗin dako.

35/ A 1879 amfanin gona ya lalace a Ingila, amma farashi bai tashi ya rama wa manomi ba, don alkamar Amurka ta cika kasuwa. Zuwa 1894 kwata ya koma ƙasa da sule 23. Filin da ake shuka alkama ya ragu da fiye da rabi. Haya ta faɗi, darajar ƙasa ta faɗi, matasan ƙauye suka kama hanyar birni da ƙetare. Ɗan birni kuwa ya samu burodi mai araha.

36/ Guguwa ɗaya ce ta bugi Turai duka, kowa da amsarsa. Jamus ta sa harajin hatsi a 1879, a 1893 manyan masu ƙasa suka kafa ƙungiya mai ƙarfi, Bund der Landwirte. Faransa ma ta sa nata. Denmak ta bar ƙofa a buɗe, manomanta suka sayi hatsin mai araha suna ciyar da dabbobi, suna sayar wa Ingila man shanu da ƙwai da nama ta ƙungiyoyin gama-kai mallakarsu.

37/ Malthus ma ya samu ranarsa. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusan kashi huɗu cikin biyar na alkamar Birtaniya daga waje take zuwa. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka fara nutsar da jiragen abinci. A 1917 gwamnati ta yi wa manoma alƙawarin farashi tsayayye. A 1921, farashi na faɗuwa, ta janye alƙawarin. Manoma sun daɗe ba su manta ba.

38/ Zuwa lokacin manoman haya sun koyi darasi. A 1908 sun kafa National Farmers' Union, ƙungiyar masu noma da kansu, ba ta masu ƙasa ba. A 1932 aka yi dokar alkama mai wani salo: alkama ta sayu a farashin kasuwa, a cike wa manomi giɓin da ke tsakaninsa da farashin da aka tsayar.

39/ Mu dawo gida a taƙaice. An rufe bodojin Najeriya na tudu a Agustan 2019, aka fara buɗewa a Disamban 2020. A Yulin 2024 aka sanar da janye harajin shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba na kwana 150. Kowane mataki da masu murna da masu kuka. Mai noman masara na son ta yi tsada, mai kiwon kaji na son ta yi araha, kuma duka manoma ne.

40/ Ingilar 1815 ba Kebbi ko Dawanau ba ce, yawancin manomanmu gonar gado suke nomawa. Amma tambayar Ricardo tana nan: in farashi ya tashi, a hannun wa hatsin yake? Wanda ya sayar da kaka don biyan bashin taki, ya dawo saye da bazara, tsadar ba tasa ba ce. Ta mai sito ce.

41/ Saboda haka in ka ji an ce "manoma sun buƙaci a rufe" ko "talakawa sun buƙaci a buɗe", yi tambaya uku. Wane manomi, mai buhu 10 ko mai buhu 10,000? Wa ke shugabantar ƙungiyar da ke magana da yawunsa? Kuma ban da haraji, me aka tanadar masa na taki, hanya, wurin ajiya da tsaro?

42/ Ku da ke noma ko kuke da iyaye a gona, ku faɗa mana a ƙasa: shekarar da hatsi ya fi tsada, kun sayar kafin ya tashi ko bayan ya tashi? A yaɗa zaren don wasu su amfana. Allah ya ba mu damina mai albarka.